Shekarar da Rijiyar Iri Ta Ƙafe

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya san abin da ke ƙarƙashin ruwa da abin da mutane suka haɗiye ba su faɗa ba. Wannan babin ban so rubuta shi ba. Na sha tsallake shi, na yi ta ba ku labarin zamana a Dutsin-Ma da yadda na koma sayar da kifi a kasuwa, kamar daga sama na faɗo bakin tebur. Abin da ya tilasta ni shi ne maganar da na ji a Kurfi, wurin sunan wani jikan Baffa Sale, ƙanin mahaifina. Wani saurayi da ko gemu bai gama tsirowa ba ya dubi autanku ya ce cikin raha, wai ga jikokin wadda ta kwashe mana kifi ta kai garinsu. Aka yi dariya. Ni ma na yi yaƙe, amma wallahi tuwon ranar bai wuce mini ba. Matar da yake nufi ita ta haife ni. Ta daɗe a kabari, har yau ba a bar ta ta huta ba. To ku zauna ku ji yadda aka yi, don duk waɗanda suka ce in yi shiru sun riga ni tafiya.

Mu masunta ne tun kakanni, ko da yake wanda ya ga Tamawa yau zai ce ƙarya nake yi, don ina ruwan yake? A da akwai tafki a bayan gari. Damina ta cika shi har ya taɓa gonaki, rani ya tsotse shi har ya koma kamar faranti. A cikinsa akwai wata karfasa da ban taɓa ganin irinta a wani ruwa ba, kuma na yi yawo ba kaɗan ba. Gajeruwa ce mai faɗin baya, baƙi-baƙi, tana da tabo a kowane gefe bayan kai, daidai inda mutum zai ɗora babban yatsa in ya kama ta. Mai-tabo muke ce mata. Ba ta girma sosai, amma romonta, kai jama'a! In Inna ta ɗora tukunya da daddawa da ɗan barkono, maƙwabcin da ya yi wata bai leƙo ba sai ya tuna bai gaishe da Baba ba. Macen kuwa a baki take goyon ƙwanta. Ba ta ci ba ta sha har sai 'ya'yan sun fito, kuma ko sun fito, da sun ji motsi sai su ruga su koma bakin uwarsu.

Tafkin da ke ƙafewa ba ya riƙe kifi, don haka gidanmu yana da wani aiki da ya gada. Duk shekara in ruwa ya ja baya, kafin a yi sun ƙarshe, Baba zai sa a yashe wani rami mai zurfi a tsakiyar tafkin, inda ƙasa ke tsattsafo da ruwa. Shi ne rijiyar iri. Zai zaɓi maza da mata masu lafiya ya zuba a ciki, a kafa rumfar zana a kai, a kewaye da ƙaya saboda dabbobi. Ba mai taɓa kifin rijiyar nan ko yunwa za ta kashe shi. Da ruwan farko ya sauka tafki ya haɗe da rijiya, sai su bazu su cika shi da 'ya'ya. Wannan aikin ne ya sa maganar Baba take da nauyi a gari. In masunta suka yi rigima kan wurin kafa ragar koma, shi ake kira, kuma in ya yanke an gama. Mutum ne mai saurin hawa, ni ma ba a ƙasa na tsinci nawa halin ba, amma ba a taɓa kama shi da magana biyu ba.

Inna kuwa 'yar Dabawa ce, ɗiyar manoma. An ce da aka kawo ta ko ɓawon kifi ba ta iya karcewa ba. Daga baya ta zama wadda in ta yi banda har daga Ɗantutture ake aikowa. Duk da haka Baffa Sale bai daina ce mata baƙuwa ba, har furfura ta fito mata. Ita dai sai ta yi murmushi ta tura masa kwano.

Shekarar da nake ba ku labari na riga na yi aure, yayarku tana rarrafe. Damina ta wuce da ƙarancin ruwa, ta gaba kuma ta ƙi zuwa. Baffa Sale ya tafi ci-rani. Hadari ya haɗu da yamma, mu fito muna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Rijiyar iri ta fara ja. Muka ƙara mata zurfi har muka kai ga dutse. Muka koma ɗebo ruwa daga rijiyar gari muna ƙara mata, sai mata suka fara guna-guni, kuma da gaskiyarsu, don mutum bai samu na sha ba ana shayar da kifi. A nan ne Inna ta yi magana, muna cin tuwo.

"Malam," ta ce, "akwai kwarmin dutsen nan na gonar yayana a Dabawa. Tun ina yarinya ban taɓa ganin ƙasansa ba. Mi zai hana a kai su can su jira ruwa?"

Baba ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Kwarmin da kifin dam ya shiga?"

"Sun shiga shekarar da ruwa ya yi ambaliya. Amma ruwa ne, Malam."

"Ke ba ki san abin da kike faɗi ba. In suka haɗu, sun haɗu ke nan har abada. Wa zai tsince mani nawa?"

Karfasar dam ɗin da ke kusa da Dabawa doguwa ce, fari-fari, da ratsi a wutsiya. An ce daga wani ruwa aka kawo ta lokacin da aka yi dam ɗin. Tana da girma, tana da saurin haihuwa, ita ma a baki take goyo. Baba ya raina ta iya raini. Ya ce namanta kamar an jiƙa auduga.

Ban san wanda ya fitar da maganar daga gida ba, amma ta fita. Bayan la'asar a ƙofar masallaci wani dattijo mai son zolaya ya ce ya ji za a kai 'yan matan Tamawa Dabawa a ɗaura masu aure da samarin dam, ko za a gayyace shi ɗaurin aure? Mutane suka fashe da dariya. Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi, na san an gama. Ya miƙe a gaban liman da kowa da kowa.

"Wallahi tallahi," ya ce, "ba da hannuna ba, ba da yawuna ba. Gara su mutu yadda Allah ya halicce su."

To, suka fara mutuwa kuwa. Kullum da safe sai mu tarar da wasu sun juya ciki sama. Baba ya hana a kai wa Inna ta yi banda. Da kansa yake tsamo su ya tona rami ya rufe. Ruwan ya koma kauri kamar kunu, sauran kifin suka taru a sama suna buɗe baki. Zai zauna a bakin rijiyar nan cikin rana, ga rumfa amma ba ya shiga, yana kallon su. Ni ban taɓa ganin mahaifina ya rasa abin yi ba sai a kwanakin nan, kuma har yau in na tuna bayansa a durƙushe sai zuciyata ta karye.

Wata safiya na dawo daga sallar asuba na tarar an ɗaura wa shanunmu amalanke, an jera tuluna a kai, an cika su da ruwan randar Inna da na randar uwarku. Na bi sawu zuwa tafki. Baba yana cikin rijiyar iri, taɓo har ƙugu, yana lalube da hannu. Duk wadda ya kamo sai ya juya ta, ya duba, ya ɗan matsa cikinta, sannan ya miƙo mini. Bai dube ni ba.

"Haruna," ya ce, "kar ka tsaya ko'ina. In rana ta take, ku shiga inuwa ku jiƙa tulunan."

"Baba, rantsuwar fa?"

"Tsakanina da Ubangijina ce. Kai aka rantse da kai?"

Ya miƙo mini wata.

"Kuma ba ka gan ni a nan ba. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Da ya gama ya fito ya wanke jikinsa ya bi ta bayan gonaki ya koma gida. Inna ce ta hau amalanken, don gonar yayanta ce, dole a ga fuskarta. Shi ya sa duk wanda ya fito ƙofar gida da safen nan abin da ya gani ke nan: 'yar Dabawa zaune a tsakiyar tuluna, ɗanta na kora shanu, an nufi garinsu. Ba wanda ya ga mai taɓo a ƙugu.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Rana kamar ta sauko ƙasa. Inna ta jiƙa tsofaffin zannuwanta ta lulluɓe tulunan, tana sa hannu a kowane ɗaya tana motsa ruwan don kifin su samu numfashi. Hannunta har ya yi fari ya tattare. Duk da haka wasu suka mutu a hanya, sai ta tsamo ta ajiye a ƙwarya. Ruwan shanmu ma kifin ta riƙa juye wa a tulu. Na ce mata ta sha ko kurɓi ɗaya, ta ce ita ba a baki take goyo ba, za ta iya jira. Muka isa Dabawa rana ta yi sanyi. Kwarmin yana nan tsakanin manyan duwatsu, ruwansa kore shar, sanyi na tasowa daga ciki. Muka karkata tulunan a hankali. Kifin suka ɗan tsaya a bakin ruwa kamar baƙi a ƙofar zaure, sannan suka nutse.

Da muka dawo gida muka tarar Baba yana azumi. Ba Litinin ba, ba Alhamis ba, kuma cikin zafin da ko jaki ba ya fita. Kaffarar rantsuwa ce. Shekarar ba mu da hatsin da za mu ciyar da miskinai, sai ya biya da cikinsa, kwana uku a jere. Ya ce wa mutane nafila yake yi don roƙon ruwa. Kafin ya gama azumin, rijiyar iri ta tsage, ko ɗigo babu. Ruwan sama bai sauka ba sai bayan ƙasan ramin ya zama kamar tukunyar da aka gasa. Da an bar su, da ko ɗaya bai kai ba. Wannan ku riƙe shi da kyau.

Baffa Sale ya dawo da saukar damina, labari ya tare shi tun a hanya. Ko ruwa bai sha ba ya tsaya a tsakar gida yana ɗaga murya.

"Yaya, da kana ina baƙuwa ta kwashe gadon ubanmu ta kai garinsu? Ba kai ka rantse ba?"

Baba yana zaune a kan buzu. Na ga leɓensa ya motsa. Ni ma na buɗe baki, don jinina ya riga ya tafasa. Inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Ni ce," ta ce. "Malam bai sani ba. Na sa yaron nan ya kore mani shanu. In da laifi nawa ne."

Baba ya sunkuyar da kai. Shi ke nan, magana ta zauna a haka. Da yamma na same ta tana tankaɗe, na ce mata wannan zalunci ne, ni zan je in faɗi gaskiya a ƙofar masallacin da aka yi rantsuwar. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ubanka da baki ɗaya aka san shi a garin nan. In aka ji ya karya, wa zai sake sauraron shi? Ni kuwa dama baƙuwa ce, mi zan rasa? In ka faɗa ban yafe ba."

Ta rasa da yawa, ko da ba ta ce ba. Matan dangi suka daina aiko mata da kifin banda. In ana biki sai a ba ta wankin tukwane. Baffa Sale ya raɗa wa kifin kwarmin suna don gori, yana ce masu 'ya'yan wance, da sunanta tsirara. Sunan da bakina bai taɓa kira ba, amma yau zan rubuta shi, Allah ya yafe mini rashin kunya: Hauwa.

Niyyarmu ita ce mu dawo da su in tafki ya cika. Amma daminar ba ta cika shi ba, ta bayanta ma haka. Sa'ad da ruwa ya wadata na je kwarmin da koma na kamo, abin da Baba ya ji tsoro ya riga ya faru. Wata doguwa ce da tabo a gefe ɗaya. Wata gajeruwa ce da ratsi a wutsiya. Wata tabon ya dushe kamar an goge shi da toka. Na zubo su a ƙwarya gaban Baba. Ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana yi, sannan ya ture ƙwaryar ya ce in mayar da su inda na samo su. Ba a sake haƙa rijiyar iri ba. Tarwaɗa ta mamaye tafkin, daga baya yashi ya cike shi, yanzu masara ake shukawa a wurin. Daga ranar Baba bai ƙara sa karfasa a bakinsa ba, kowace iri ce.

Sai a ciwonsa na ajali. Ya daina cin komai, sai wata rana da hantsi ya ce yana marmarin romo. Na hau keke na je Dabawa na kamo. Inna ta dafa yadda ta saba, da daddawa da ɗan barkono, ta tallafo kansa. Ya kurɓa, ya rufe ido, ya riƙe romon a baki kamar ba zai haɗiye ba.

"Namu suna ciki," ya ce. "Can nesa, amma suna ciki."

Ya kama hannunta, abin da ban taɓa ganin ya yi a gabana ba.

"Ki yafe mani. Na bar ki da kayan da ba naki ba."

"Sha romonka kafin ya huce, Malam," in ji ta.

Na fita waje, don ba zan iya tsayawa ba. Bayan rasuwarsa na sake roƙonta ta bar ni in faɗa. Ta ce mamaci ya fi mai rai bukatar a rufa masa asiri. Ta bi shi ba da daɗewa ba. Ni kuma na tattara na koma Dutsin-Ma na zama mai sayen kifi daga hannun wasu. Kun sha yi mini dariya cewa ba na sayen karfasa sai na juya ta gefe da gefe kamar mai duba kuɗin jabu. To yau kun san abin da nake nema.

'Yar'uwarku Ummi, wadda na sa wa sunan Inna, ita ce ta je ta karanta ilimin kifi. Na ce mata ikon Allah, mu da muka gudu daga ruwa ke kika koma da takarda. Rani biyu da suka wuce ta matsa sai na raka ta kwarmin nan. A hanya take bayyana mini cewa kowane kifi yana ɗauke da gadon iyayensa a jiki, kuma in gado biyu da suka daɗe a rabe suka haɗu, ba kullum ɗaya ke cinye ɗaya ba. Wani lokaci jikoki kan fito da wani haɗi da babu shi a gidan uwa, babu a gidan uba. In suka samu ruwan da ya keɓe su, haɗin ya dace da wurin, suka fara zaɓen junansu wajen haihuwa, to a hankali sai su zama iri mai zaman kansa. Ta ce haka masana ke ganin ya taimaka wajen samuwar ire-iren kifi masu yawa a manyan tafkunan gabashin Afirka.

"Wato kina nufin kakanki ya yi kuka a banza?" na ce.

"A'a Baba, abin da ya rasa ya rasa shi. Mai-tabo ba za ta dawo ba. Kuma wannan abu ne na zamani mai tsawo, ni da ku ba za mu ga ƙarshensa ba. Ina dai so ku ga inda aka kai."

Muka tarar da wani magidanci yana jefa ragar birgi daga kan dutse. Ban san shi ba, bai san ni ba. Ya jawo ya zazzage a gabanmu. Na durƙusa da ƙyar, gwiwoyin nan sun daina jin magana. Na ɗauki ɗaya. Ba irin hargitsattsun da na kai wa Baba ba ce. Jikinta matsakaici, baƙi-baƙi kamar dutsen wurin, wutsiya da ratsin kifin dam. Na juya ta. Tabo. Na sake juyawa. Tabo, baƙi ƙirin, babban yatsana ya zauna a kai daidai. Na ɗauki ta biyu, haka. Ta uku, haka, kamar uwa ɗaya ta haife su. Ta hannuna ta buɗe baki, sai ga 'yan ƙananan 'ya'ya sun zubo a tafina suna motsi. Na yi maza na sa hannun cikin ruwa na sake ta.

Na so a ce Baba yana nan ya juya ta da hannunsa. Na so a ce Inna tana zaune a kan dutsen nan da hannunta da ya tattare. Na so su har ƙirjina ya yi mini ciwo.

Don in ɓoye fuskata na tambayi mutumin ko wannan karfasar dam ce.

"Haba Alhaji," ya ce, "ina ta dam ina wannan? Ta dam ko an zubo ta nan ba ta sakewa da su. Wannan ai 'yar Hauwa ce. Nan kaɗai ake samun ta."

Ummi ta dube ni. Na ce masa wace Hauwa?

"Oho. Haka muka taso muka ji ana faɗi. Wata ce dai ta da."

Na dubi ruwan. Na ce masa, ni na san ta.